Sitiyarin Motar Giade

Ina 'yar shekara tara Baba ya ɗora ni a kujerar direban tsohuwar akori-kurarsa, a ƙofar gidanmu a Azare. Sitiyarin ya yi lako-lako, sai an murza shi sosai kafin taya ta motsa. Ya shige ƙarƙashin motar da sifana da gwangwanin giris, ya ce in riƙa juyawa, in na ji ya kama in gaya masa.

Kujerar ta ɗau zafin rana, ga ƙawayena suna ƙwala mini kira. Na juya sau uku na ce, "Baba, ya kama."

Ya fito, ya zura hannu ta taga ya girgiza sitiyarin. Yana nan yadda yake. Bai yi faɗa ba.

"Ladi, gobe kasuwar Giade. Da gwaggonki a cikin masu hawa bayan nan."

Ya koma ƙarƙashi. Muka kai la'asar.

Yanzu ma'aikaciyar jinya ce ni a asibiti. Duk ranar da gajiya ta sa na kusa cewa "ya isa haka", warin giris nake ji.