Faifan da Nagi Ya Aiko

Ustaz Fikri ya goge faifan da hannun rigarsa, ya hura masa iska, sannan ya ɗora shi kan garmaho kamar mai kwantar da jariri. Haka ake yi kowace Juma'a bayan la'asar a falonsa na Iskandariya, inda tsofaffi huɗu ke haɗuwa su sha kofi mai ɗaci su yanke wa makaɗan jaz hukunci.

Babu wanda ya taɓa busa ko usur a cikinsu, amma ba makaɗin da ya tsira daga bakinsu. Wane ya lalace tun da ya yi kuɗi. Wane yatsu gare shi, ba zuciya. 'Yan zamani kuwa gudu kawai suke, sai ka ce masu bin taragon ƙarshe. Faifai ɗaya ne idan aka sa shi kowa ke ajiye kofinsa: na Nagi, ƙanen mai gidan.

Nagi ya bar gida ne yana saurayi, a makon da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali. Ya sayar da awarwaronta na zinari, ya rataya ɗan saksofon ɗinsa mai siririyar murya, ya hau jirgin ruwa zuwa Turai. Bai zo jana'iza ba, bai rubuto ba. Fikri ya rantse ba zai ƙara ambaton sunansa ba, sai ga babban faifai ya iso ta gidan waya, ba kwali, ba suna, ba ko ɗigon tawada a jikinsa. Amma ba shi da kowa a Turai da zai aiko masa sai Nagi.

Abin da Fikri ya ji a ranar shi ya karya rantsuwar. Busa ce mai kauri, tana jan ƙafa, ganga na biye da ita kamar masu rakiyar gawa. Bai gane muryar ƙahon ba ma, ya ce baƙin ciki ne ya dakusar da ita. Ya yi kuka, ya yafe. Da labarin rasuwar Nagi ya zo daga baya, wannan faifan ne ya zame masa wasiyya: yaron ya yi nadama, kunya ce ta hana shi dawowa.

Abokan suka gina ilimi a kai. Likita Ramsis, tsohon mai cire haƙori, shi ya raɗa wa abin suna "salon jan ƙafa", yana rantsuwa cewa manyan Amurka daga nan suka sata. Su manyan ba su taɓa jin Nagi ba, amma wannan bai dami Likita ba.

Ranar Juma'ar da ake magana, Likita ya shigo da leda a hammata yana kauce wa idon mai gida. Wani kamfani a Turai ya tono tsoffin ɗaukar kiɗan Nagi, ya sake bugawa a faifai, shi ne a ledar. Ga hotonsa a kwali, da gashin baki, ya rungumi wata mata.

"Sa mana, sarkin filaya," in ji Fikri. "Ai hannunka ya saba ba mutane azaba."

Likita ya karanta bayan kwalin, ya ɗan taɓa gefen garmahon, ya sauke allura.

Kiɗa ya ɓarke kamar an buɗe wa 'yan makaranta ƙofa. Waƙar ce dai, amma tana tsalle, ƙahon na sheƙa siririyar murya, ganga na tsokanar ƙafa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya fara kaɗa kai, ya tuna inda yake, ya mayar da abin tari.

Fikri ya fizge allurar tun kafin a kai rabi.

"Ɓarayi! Sun ƙara masa gudu don yara su saya. Mutum ya zubar da hawayensa, sun mai da shi kiɗan biki!"

"Wataƙila wata ɗaukar ce daban, Ustaz," in ji Likita a hankali.

"Daban a gidan wa? Ni zan gaya maka ƙanena. Kun manta ƙarshen faifan? Nishin nan da yake yi bayan ya sauke ƙaho? Wanda ke cikin jin daɗi yana irin wannan nishi?"

Babu wanda ya manta. Sun sha yin muhawara a kansa, har Likita ya taɓa cewa ya fi kiɗan kansa daraja.

Fikri ya cire sabon faifan ya jefa kan kujera. Ya mayar da nasa, tsohon, wanda bai taɓa barin falon nan ba, bai taɓa hawa garmahon kowa ba. "Ku buɗe kunnuwa," ya ce, "ku ji yadda mai neman gafara yake busa."

Allura ta sauka. Kiɗa ya ɓarke, yana tsalle, bai bambanta da na kamfanin ba ko da ƙwayar gero.

Likita ya yunƙura zai kai hannu, Fikri ya riƙe shi. Idonsa na kan ɗan maɓallin gudu da ke gefen garmahon, wanda Likita ya matsar daga talatin da uku zuwa arba'in da biyar kamar yadda kwalin ya ce, aka manta ba a mayar ba. Shi Fikri bai taɓa matsar da shi ba. Babban faifai, ai kowa ya san a hankali yake juyawa.

Ya tsaya a tsaye har ƙahon ya yi shiru, yana jiran nishin. Da ya zo a gudunsa na gaskiya, Fikri ya gane shi nan take: Nagi ne ke ƙyalƙyala dariya, irin wadda yake yi suna yara idan ya tsere ba a kama shi ba.