Foldar da Auta Ta Goge

Shekara huɗu Auta ta yi tana buga littafin mahaifinta. Baba tsohon likitan dabbobi ne. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, amma kan nan cike yake da abin da ya gani a shekara talatin da biyar na yawo cikin garken shanu da awaki. Kullum in ta taso daga kantin maganin da take aiki, ƙafafu a kumbure saboda tsayuwa, sai ta ja kujera kusa da shi ta kunna rikodar waya. Shi ya yi ta zuba, ita ta yi ta bugawa. Ga Baba da tsirfa, jumla ɗaya sai an karanta masa sau uku kafin ya ce a wuce.

Da farko a rumbun wani kamfani na intanet suke ajiye aikin. Ranar da Baba ya gane haka ya ɓata rai. "Wato gumina yana kwance a ɗakin mutumin da ban taɓa gani ba?"

Sai Yaya, babban wan Auta mai aikin kwamfuta a wani gari, ya zo da wata 'yar kwamfuta ya ɗora a saman kabad ɗin falo. Ya zuba mata manhajar kyauta, irin wadda kowa ke da ikon duba cikinta ya gyara. Shi ke nan, kayansu sun dawo gida. Abin da Auta ta buga a laftof ɗinta, nan take zai hau kwamfutar kan kabad, ya bayyana a wajen Yaya, shi ma ya gyara daga can.

Da zai tafi ya miƙa mata faifan ajiya. "Auta, buɗe kunnenki. Tsarin nan da na haɗa muku daidaita fayil yake yi, ba gadi ba. Kika ƙara, ya ƙara ko'ina. Kika goge, ya goge ko'ina. Duk mako ki kwafe aikin a faifan nan, ki cire, ki sa a durowa."

"Na ji, Yaya. Sai ka ce yarinya."

Ta kwafe sau ɗaya, lokacin littafin yana babi uku. Daga nan sai gobe, sai jibi, sai in ta huta. Hutun kuwa bai taɓa zuwa ba. In abin ya faɗo mata a rai sai ta ce, aikin da ke wuri uku, ina zai je?

Suna babi na ashirin da biyu, saura kammalawa, ɓarin jikin Baba ya shanye wata safiya. Magana ta ɗauke ɗif. Auta ta koma zaman asibiti, daga layin karɓar magani zuwa layin gwaji, har ta manta rabon da ta zauna ta ci abinci a nitse. Rannan likita ya ce a tura hoton ƙwaƙwalwar Baba ga wani ƙwararre. Ta buɗe laftof a kan bencin baranda, ta tarar ba wuri, ta cika maƙil. Foldar littafin ce ta fi komai girma, saboda muryoyin Baba na shekara huɗu duk suna ciki, can take kwashe su ta share waya. Ai akwai a gida, in ji zuciyarta. Ta danna, ta goge, ta tura hoton.

Mako bakwai aka yi kafin a sallamo Baba. A tsawon lokacin ba wanda ya tuna da wani littafi, har Yaya. Sai da gida ya lafa, Auta ta ce bari ta kunna wa Baba muryarsa ko zai ji sanyi. Ta buɗe foldar a kwamfutar kan kabad. Wayam.

Nan take ta kira Yaya. Ya duba tasa, babu. Ya duba kwandon sharar manhajar, shi ma ya share kansa, don bayan kwana talatin yake zubar da abin da aka jefa masa. Ya zo da kansa ya kwana biyu yana tono, bai fito da komai ba sai gutsattsarin da ba sa buɗuwa.

"Ina faifan da na ba ki?"

Ta ɗauko. Ya duba, ya ga babi uku. Bai yi faɗa ba, ya dai dafe kai ya daɗe. Da ma ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Da yamma Baba ya nuna mata kujera da hannunsa mai lafiya. Ta zauna ta karanta masa babi na ɗaya, na biyu, na uku. Fuskarsa ta saki, rabon da ta ga haka tun kafin ciwon. Da ta yi shiru sai ya juya yatsa, alamar ta ci gaba. Ta kalli allon. Ya sake juya yatsa.

"Baba, na gaji. Mu bari sai gobe."

Ya gyaɗa kai cikin tausayinta, ya lumshe ido. Ita ta san goben ba ta da abin karanta masa, kuma bakin da zai sake faɗa ya rufe.

Jama'a, riƙe kayanku a hannunku abu ne mai kyau, amma wanda ya karɓi makulli ya karɓi gadi. Daidaita fayil ba ajiya ba ne: ku kwafi aikinku a wani wuri daban, ku riƙa dubawa, tun kafin ranar da gajiya za ta danna muku maɓalli.