Taku Ukun Kabewa

Ku matso, jikoki, ku ara mini kunnuwanku.

Shekarar da Turawa suka tafi, ina riƙo a hannun gwaggona a Fakuwa. Wata la'asar ta iske ni ina ba kabewata ruwa, tushe biyar da na cusa wuri ɗaya a gindin danga. Ta tumɓuke su, ta watsa wa akuya.

Ta ce, "Kowace kabewa taku uku take so. Ke kuwa ko taku ɗaya ba ki da shi a gidan nan."

Akuyar an yanka ta da Sallah. Gwaggo ta rasu, taku uku aka auna mata a maƙabarta. Ni kabewar da na shuka a gidana ta haye rufin ɗakina, kuma har yau ban yafe ba.