Gurbin da Gara Ta Ci

Ranar kasuwar Gangara ce, ƙawayena duk sun wuce, ni kuwa Kaka ya tsare ni a zaure. Idonsa ya fara rauni, don haka ni ke ɗaga masa tsohuwar takarda wajen haske, yana kwafe wata waƙar wa'azi da ya gada daga malaminsa. Zauren sai warin tawada.

A tsakiyar wani baiti gara ta ci takardar. Kaka ya tsallake, ya bar fili kamar faɗin yatsa biyu.

Na ce, "Kaka, ai na san abin da ke wurin. Kullum Inna na rera shi in tana daka."

Ya ce, "Ke kin ji, ni ban gani ba. Abin da ban gani ba, hannuna ba ya rubuta shi. Ɗaga da kyau."

Yau shekarata shida a Italiya, ina binciken digirin dakta a kan tsofaffin waƙoƙin mutanen ƙasar da aka rubuta da hannu. Babina na ƙarshe ya tsaya cak a kan layi ɗaya da tsutsa ta huda. Farfesana ya ce in cike da hasashe, haka kowa ke yi, in gama in tafi gida. Inna ma ta gaji da tambayar yaushe zan dawo.

Wallahi na san abin da ke wurin. Amma da na ɗauki biro sai in ji warin tawadar nan, hannuna ya ƙi. Kaka ya daɗe da rasuwa, har yau bai sallame ni daga zauren ba.