Sabon Batir a Kan Benci

Makanike ya share gareji fes, ya ɗora sabon batir a kan benci don ya burge ma'aikaciyar da ke ba da bashin gwamnati. Yau ne za a rufe duba gareji, in ba ta sa hannu ba, ko sisi.

La'asar ta wuce, shiru. Ya kira ta.

"Hajiya, tun safe muke zuba ido."

"Yi haƙuri, motata ce ta mutu a hanya. Jiya direbana ya kai ta juyen mai, wani ɓarawon makanike ya zare sabon batirina, ya sa min matacce."

Ya kalli batirin da ke kan benci.

"Mutane ba tsoron Allah, Hajiya. In kawo miki wani? Ina da irinsa sak."