Bitar da Aka Raba Bisa Girma

Tunda yanzu kai ne za ka riƙa zaɓen wanda za a tura kwas a ofishinku, bari in ba ka misalin wata ma'aikaciyar laburare a wata kwaleji. Ita ce ke zama a teburin ba da aro. Ɗalibi zai zo ya faɗi littafin da yake nema, ta jawo durowar kati, ta gaya masa kantar da zai same shi. Ana nan sai aka kawo sabuwar manhaja ta intanet da za ta maye gurbin katunan, aka kuma sanar cewa duk wanda bai iya ta ba za a ɗauke shi daga teburin a mai da shi sito, wurin ɗinkin tsofaffin littattafai. Ita kuwa baiwar Allah asma gare ta, ƙurar sito kaɗai ta isa ta kwantar da ita, kuma kowa a ofishin ya san haka. Aka ce za a yi bita a Kaduna don koyar da manhajar. To, a wannan ofis ana rabon bita ne kamar naman suna, daga manya ake farawa, galibi kuma a kansu take ƙarewa. Shugaba ya sa sunansa, ya sa na mataimakinsa, mutumin da rabonsa da miƙa wa ɗalibi littafi tun kafin furfura ta fito masa. Suka je suka kwana otal, suka dawo da jaka mai tambari da hula da satifiket. Da ta tambayi abin da aka koyar, mataimakin ya ce, "Ai ba wuya, Malama, dannawa kawai ake yi." Washegari aka kwashe durowoyin kati.

Daga nan ta shiga uku. Jarrabawa ta matso, layi ya kai bakin ƙofa, tana kallon kwamfuta kwamfuta na kallonta. Tsakin ɗalibai nata, baƙar maganarsu tata, don ba ɗalibin da zai hau bene ya yi wa shugaba tsaki. Sai ta ɗaura ɗamara. In an tashi hutun azahar, abokan aiki su tafi cin abinci, ita ta zauna da wayarta tana bin bidiyon koyarwa, ta ɓata ta gyara, ta sake ɓatawa. Akwai ranar da ta shigar da littattafan kanta guda a gurbin da ba nasu ba, sai da ta warware su ɗaya bayan ɗaya. A hankali abin ya zauna, layi ya watse. Baƙi suka zo duba aiki, suka yaba, suka ɗauki hoton shugaba a gaban satifiket ɗinsa yana murmushi har kunne. Ba a jima ba doka ta sauko daga sama: teburin manhaja sai mai shaidar bita. Wa ke da ita? Aka ba mataimaki kujerar, aka kuma ce mata, ba kunya ba tsoron Allah, ta zauna gefensa ta nuna masa inda ake dannawa kafin ta wuce sito. Yanzu tana can da ƙyalle a hanci, tana ɗinki tana tari. Duk sanda manhaja ta cije, a aiko ta zo. Abin da ya fi ƙona mini rai, tana zuwa ɗin, don ba ta iya ganin ɗalibi ya koma hannu rabbana. Ta gyara, mataimaki ya gyara zama, ita ta koma cikin ƙura.

Saboda haka, ran da sunayen masu tafiya kwas suka zo hannunka, ka fara leƙa wanda ke zaune a teburi yana yin aikin. Ba a banza Hausawa suka ce ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.