Majigi da Rana Tsaka

Malam Tasi'u da hannunsa ya toshe tagar ajin ta ƙarshe da tabarma. Mika'ilu ya ce in haske ya shigo ko kaɗan hoton ba zai fito ba, shi kuwa Malam ba ya so taro ya lalace ta wajensa.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa, ga kuma wani kamfanin masu yanka filaye ya ƙyalla ido a kan gonakin ƙauyen, can arewa da Bacirawa. Kowa ya san yadda abin yake: ran da ma'auna, wato masu awon filaye, suka kafa dutsen siminti a gonarka, to, ka yi sallama da ita, sai dai ka ƙarar da takalminka a ofisoshi. Shi ya sa Malam ya tsara gadi. Kullum akwai mutum a kan ɗorawar bakin hanya da ganga. Da ya hango mota sai ya buga, maza su fito da fartanyu, ma'auna su juya da simintinsu.

Gonar Malam ce ta farko daga hanya. Ita ubansa ya bar masa, ba shi da wata.

Mika'ilu ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya rene shi, shi ya sayar da bijimi ya kai shi karatu birni, inda yanzu yake aiki a wani ofis da bai taɓa faɗin sunansa sosai ba. Da hantsi ya iso da majigi da janareta a kan amalanke.

"Kawu, fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba," in ji shi. "Baƙaƙen fatar Amurka ne, yadda suka tsaya wa masu danne su. In mutanenmu suka gani, ba mai sake taka gonarku. Amma fa kowa ya zo, kada a bar mutum ɗaya. Kayan aro ne, kafin magariba zan mayar."

Malam ya ji daɗi har cikin ransa. Da ƙafarsa ya je gindin ɗorawa ya kira Uwaisu, wanda gadi ya faɗo kansa a ranar.

"Malam, hanyar fa?"

"Sauko, yau Lahadi ce. Ma'aikata ba sa fita."

Bayan azahar aji ya cika maƙil. Mika'ilu ya ajiye janareta daf da ƙofa, ya ce wayar ce gajera. Ƙarar janaretar ta cika kunnen kowa.

Sai ga su a jikin bango: samari da baƙaƙen huluna, mata da gashi buzu-buzu suna raba wa yaran unguwa abincin safe, 'yan sanda suna sakar wa mutane karnuka. Mika'ilu ya tsaya gefe yana fassara da ƙarfi. "Cewa suke unguwarmu tamu ce, mu za mu tsare ta! Kun gani? Abin da aka yi musu can, shi ake muku nan!" Da dubban mutane suka ɗaga hannu a dunƙule, Uwaisu ya ɗaga nasa. Malam ya share hawaye da bakin riga, bai damu da wa ya gan shi ba.

Can aka nuno wani mutum zaune cikin duhu, an ɓoye fuskarsa yadda ake yi wa 'yan leƙen asiri, yana ta magana. Mika'ilu bai fassara wannan ba.

"Wannan fa me yake cewa?" in ji Malam.

"Ɗaya ne daga cikinsu, Kawu. Ba wata magana ba ce."

Da fim ya ƙare, Mika'ilu ya dubi agogonsa, ya ce wurin taron nan ya cancanci a sake kallo. Aka yi ta tafi. Aka sake, daga farko.

Da la'asar suka fito, rana na kashe musu ido, ƙirji a cike. Malam na gaba, hannu a dunƙule, suka nufi gonaki suna kabbara, don duniya ta san sun farka.

A kan iyakar gonarsa kabbarar ta mutu. Dutse ne fari, da jan lamba, simintin gindinsa ko bushewa bai yi ba. Ga wani can gaba, ga wani, sun jeru har inda ido ya tsaya. Kowanne yana daidai kusurwar da babu baƙon da ya isa ya sani, har wadda gamba ta daɗe da rufewa.

Fim ɗin bai yi musu ƙarya ba ko ɗaya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Ƙarar mota ta sa suka waiga. Tana hawa hanyar birni, ma'auna a baya zaune kan buhunan siminti, janareta a tsakaninsu. A gidan gaba, kusa da direba, Mika'ilu ne rungume da majigi, yana nuna masa inda zai kauce wa rami.